Zafi, Aiki da Alƙiblar Sauyi: Lacca kan Tushen Tamodainamik a Kimiyyar Sinadarai

Duk sauyin da ke faruwa tsakanin sinadarai yana tafe da musayar makamashi. Gawayi idan ya ci wuta yana fitar da zafi. Dutsen farar ƙasa ba ya rikiɗa ya zama kayan siminti sai an gasa shi da wuta mai tsanani. Ƙarfen da aka bari a waje damina guda yana yin tsatsa ba tare da kowa ya taɓa shi ba, amma tsatsa ba ta taɓa komawa ƙarfe don kanta. Tamodainamik shi ne reshen kimiyya da ke amsa tambayoyi biyu game da irin waɗannan al'amura: yawan makamashin da ke shiga ko fita, da kuma alƙiblar da sauyi zai fuskanta idan aka ƙyale shi. Tambaya ta farko lissafi ne kawai. Ta biyu ita ce mai zurfi, ita ce kuma ta ɗauki masana fiye da shekara 50 kafin su warware ta, daga littafin Sadi Carnot na 1824 a Faransa zuwa aikin Josiah Willard Gibbs da ya kammala a 1878 a Amurka.

Kafin a fara kowane lissafi, sai an shata iyaka. Abin da ake nazari a kai, ko ruwa ne a cikin kwalba ko iska a cikin tukunyar gas, shi ake kira abin nazari, sauran duniya kuma kewayensa. Tukunyar da ke tafasa a buɗe tana musayar zafi da kewayenta, tana kuma rasa tururi. Idan aka rufe ta ruf, zafi ne kaɗai zai ratsa. Filas ɗin shayi mai kyau yana kusa da nau'i na uku, wanda ba ya barin zafi ko wani abu ya wuce, ko da yake babu filas ɗin da ya cika wannan sharaɗi ɗari bisa ɗari.

Akwai kuma bambanci tsakanin zafi da matakin zafi, kuma rikita su shi ne tuntuɓen farko na ɗalibi. Matakin zafi shi ne abin da ma'auni ke nunawa da digiri. Zafi kuwa makamashi ne da ke kwarara daga abu mai mataki sama zuwa mai mataki ƙasa. Tartsatsin wuta ya fi bokitin ruwan wanka mataki nesa ba kusa ba, amma bokitin ya fi shi ɗaukar makamashi. A wannan fanni ana aiki da ma'aunin Kelvin, wanda William Thomson ya gabatar a 1848. Sifilinsa yana daidai da digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas, kuma babu sanyin da ya wuce nan. Ruwa yana daskarewa a Kelvin 273, ɗaki mai digiri 25 kuma yana kan Kelvin 298.

Doka ta farko

A ƙarshen ƙarni na 18 ana ɗaukar zafi a matsayin wani ruwa marar nauyi da ke malalowa daga jiki zuwa jiki. Antoine Lavoisier kansa ya saka shi a jerin sinadarai na asali a 1789. Wanda ya fara girgiza wannan ra'ayi shi ne Count Rumford, da yake kula da huda bututun igwa a birnin Munik. Ya lura cewa muddin dawakai na juya mahudin, zafi ba ya ƙarewa, har ruwan da aka nutsa ƙarfen a ciki ya tafasa babu wuta. Ya bayar da rahoton haka a 1798. Abin da ba ya ƙarewa ba zai zama ruwan da aka adana a jikin ƙarfe ba. Motsi ne ke komawa zafi.

James Joule na Ingila ne ya auna wannan alaƙa a shekarun 1840. Ya ɗaura nauyi a igiya, nauyin yana sauka yana juya filafilai a cikin ruwa, shi kuma yana duban ɗan hawan da ma'auni ya yi. Abin da aka tabbatar daga baya shi ne, ɗaga matakin zafin ruwa kilo 1 da digiri 1 yana cin jul 4,184, daidai da aikin ɗaga kilo 1 sama har mita 427. Wannan adadi yana nuna tsadar zafi: ɗumama ruwan shayi ya fi ɗaukar buhu cin makamashi. Likita Julius Robert Mayer a 1842 da Hermann von Helmholtz a 1847, dukansu a Jamus, sun kai ga matsaya ɗaya ta hanyoyi daban. Doka ta farko ke nan: makamashi ba ya samuwa daga babu, ba ya kuma ɓacewa, siffa kawai yake sauyawa. A rubuce ana cewa ΔU = q + w, wato sauyin makamashin cikin abu daidai yake da zafin da ya shiga da aikin da aka yi a kansa.

Makamashin ciki ya dogara ne ga halin da abu yake a yanzu, babu ruwansa da hanyar da aka bi aka kai can. Tsayin Dutsen Dala ɗaya ne ga wanda ya bi matakala da wanda ya rarrafa ta gefe, ko da gajiyarsu ta bambanta. Zafi da aiki su ne gajiyar. Makamashin ciki shi ne tsayin.

Entalfi da dokar Hess

Yawancin aikin sinadarai ana yin sa ne a buɗe, ƙarƙashin matsin iskar duniya. Idan sauyi ya haifar da iska, dole iskar ta ture wadda ke kewaye don ta samu wuri, kuma wannan turawa aiki ne da ke cin wani kaso na makamashi. Don a huta da cire wannan kaso kullum, aka fito da wani ma'auni mai suna entalfi, alamarsa H. Sauyinsa, ΔH, shi ne zafin da ya shiga ko ya fita idan matsi bai sauya ba. Idan zafi ya fita, ΔH yana ƙasa da sifili. Idan ya shiga, yana sama. Ana ƙidaya sinadarai da mol, wato adadin ƙwayoyi 6.022 × 10²³. Mol 1 na kabon giram 12 ne, kuma idan ya ƙone sarai ya zama kabon dayoksaid yana sakin kilojul 393.5. Mol 1 na iskar mitan, giram 16, yana sakin kilojul 890.

Daga ina wannan zafi yake fitowa? Ana yawan jin cewa tsinka haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra ne ke sakin makamashi. Wannan kuskure ne da ya kamata malamai su daina bari yana wucewa. Tsinkawa kullum cin makamashi take yi; ƙulla sabon haɗi ne ke sakinsa. Mai yana ba da zafi ne domin haɗin da ke cikin ruwa da kabon dayoksaid sun fi na mai da oksijin ƙarfi, rarar da ke tsakani ita ce wutar da ake gani.

Tun da entalfi bai damu da hanya ba, ana iya tara matakai kamar lissafin firamare. Germain Hess ne ya gano haka a 1840 a birnin San Fitasbag na Rasha, tun kafin a kammala fayyace doka ta farko. Amfaninsa yana bayyana inda awo kai tsaye ya gagara. Ba a iya ƙona kabon a tsayar da shi cak a kabon monoksaid, don wani kaso zai zarce. Amma ana iya ƙona kabon monoksaid a auna, a samu kilojul 283. Idan aka cire 283 daga 393.5, saura 110.5, shi ne zafin matakin da ya gagari awo. Wannan lissafi yana ɗauke da gargaɗi ga duk gidan da ake shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu. Idan oksijin ya yi ƙaranci, ƙuna tana tsayawa a matakin farko, ta ba da ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na zafin, ta kuma cika ɗakin da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Mutane suna mutuwa a barci ta wannan hanya, haka ma da hayaƙin janareta.

Inda doka ta farko ta gaza

Doka ta farko ba ta hana kofin shayi ya janyo zafi daga iskar ɗaki ya sake tafasa ba, tun da babu makamashin da zai ɓata. Amma hakan ba ya faruwa. Saboda haka akwai wata ƙa'ida da ke zaɓar alƙibla. Manyan masana biyu na ƙarni na 19, Julius Thomsen na Denmak da Marcellin Berthelot na Faransa, sun ɗauka amsar ita ce zafi: duk sauyin da ke faruwa da kansa, a ganinsu, mai sakin zafi ne. Ra'ayin yana da ƙarfi, don ya dace da ƙuna da tsatsa da mafi yawan abin da ake gani a ɗakin gwaji. Sai dai randa kaɗai ta isa ta rushe shi.

Ruwan da ke cikin randa yana tsattsafowa ta ƙofofin yumɓu, ya jiƙa bayanta, iska ta kwashe shi ya zama tururi. Kowane giram da ya tashi yana tafiya da kimanin jul 2,400, kuma daga jikin randar da ruwan cikinta yake zarar su. Idan giram 100 suka tashi daga lita 10, kuma duk zafin daga ruwan ya fito, matakinsa zai sauka da kusan digiri 6. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi da rani, lokacin da iska ta bushe, fiye da tsakiyar damina. Kan wannan ƙa'ida Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu a ƙauyukan Jigawa, abin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex. Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya tilasta wa ruwan tashi, kuma tashin nasa shan zafi yake yi, ba saki ba. Manomin da ya taɓa jiƙa takin yuriya a bokiti ya san irin wannan: ƙwayoyin suna narkewa nan da nan, ruwan kuma ya yi sanyi har hannu ya ji. Ashe akwai wani abu ban da zafi da ke tura sauyi gaba.

Entirofi

Asalin amsar daga injin tururi ta fito. Carnot ya nuna cewa inji ba ya aiki sai zafi na gangarowa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kuma akwai iyakar da babu ƙwarewar maƙeri da za ta tsallake. Injin da ke karɓar zafi a Kelvin 800 yana zubarwa a 300 ba zai mayar da fiye da kashi 62.5 cikin 100 zuwa aiki ba. Rudolf Clausius ya daidaita wannan da binciken Joule a 1850, sannan a 1865 ya fito da ma'aunin entirofi, alamarsa S. Sauyinsa shi ne zafin da ya shiga a hankali, a raba da matakin zafi na Kelvin. Doka ta biyu ta ce: a duk sauyin da ya faru da kansa, jimillar entirofin abin nazari da na kewayensa ƙaruwa take yi.

Ludwig Boltzmann na Ostiriya ne ya bayyana ma'anarsa a 1877. A ɗauki akwati mai ɓangare biyu da ƙwayoyin iska 10 suna yawo a ciki. Damar a same su duka a ɓangaren hagu ita ce 1 cikin 1,024. Idan ƙwayoyin 20 ne, 1 cikin fiye da miliyan. Idan mol guda ne, lambar ta wuce abin da za a iya rubutawa. Babu wani ƙarfi da ke korar iska ta cika akwati. Hanyoyin bazuwa ne suka fi na taruwa yawa ninkin ba ninkin. Entirofi awo ne na yawan hanyoyin da ƙwayoyi da makamashinsu za su iya rarrabuwa ba tare da halin abin ya sauya a ido ba. Littattafai da yawa suna fassara shi da hargitsi ko rashin tsari. Wannan bayani yana da sauƙin haddacewa, amma yana ɓatar da ɗalibi, don tsari abu ne na ganin ido, entirofi kuwa ƙidaya ce. Abin da ya fi amfani a riƙe shi ne, tururi ya fi ruwa entirofi nesa, ruwa ya fi ƙanƙara, kuma sauyin da ke ƙara yawan iska kusan kullum yana ɗaga shi.

Kalmar jimilla a cikin dokar ita ce ginshiƙi. Firji yana daskarar da ruwa, entirofin ruwan ya ragu, amma zafin da ke fita ta bayansa yana ƙara wa ɗaki fiye da abin da aka rage. Tsiro yana gina sukari daga iska da ruwa, amma da hasken rana yake biyan kuɗin. Doka ta uku, wadda ta samo asali daga aikin Walther Nernst na 1906, ta ba da mafarin awo: tsantsar lu'ulu'un sinadari marar aibi yana da entirofi sifili a Kelvin sifili. Daga nan ake gina teburan da ɗalibai ke amfani da su.

Ma'aunin Gibbs

Auna entirofin duniya baki ɗaya ba abu ne mai yiwuwa ba. Gibbs, malami a Jami'ar Yale, ya nuna cewa idan matsi da matakin zafi ba su sauya ba, ana iya yanke hukunci daga abin nazari kaɗai: ΔG = ΔH − TΔS, inda T shi ne matakin zafi na Kelvin. Idan ΔG yana ƙasa da sifili, sauyi zai iya tafiya da kansa. Idan yana sama, sai dai akasinsa. Idan sifili ne, an kai daidaito. Dabarar ita ce, zafin da abu ya saki shi ne ke ƙara wa kewaye entirofi, don haka ΔH yana wakiltar kewaye, TΔS kuma abin nazari. Thomsen da Berthelot sun ga rabi ɗaya na gaskiya, rabin da ke rinjaye idan T ƙarami ne.

Ƙanƙara tana nuna yadda awon yake aiki. Narkar da mol 1 yana shan jul 6,010, entirofi kuma yana hawa da jul 22 kan kowane Kelvin. A Kelvin 263, TΔS ya kama 5,786, bai kai 6,010 ba, ƙanƙara ta zauna daram. A Kelvin 283 ya kama 6,226, ya wuce, ƙanƙara ta narke. Inda suka yi kunnen doki shi ne 6,010 a raba da 22, wato Kelvin 273. Matakin narkewar ƙanƙara ba lamba ce da ta faɗo daga sama ba. Wurin da ƙarfi biyu suka yi daidai ne.

Lissafi iri ɗaya ke mulkin tanderun siminti na Obajana da Ashaka da Kalambaina a Sakkwato da Malbaza a Nijar. Giram 100 na dutsen farar ƙasa yana rabuwa ya ba da giram 56 na kalsiyam oksaid da giram 44 na kabon dayoksaid. Rabuwar tana shan kilojul 178, amma da yake iska ce ke fita daga dutse, entirofi yana hawa da kimanin jul 160 kan kowane Kelvin. A Kelvin 298, TΔS bai wuce kilojul 48 ba, ΔG ya tsaya a 130 sama da sifili, dutse ya shekara dubbai a ƙasa bai motsa ba. Sai an haura Kelvin 1,110, kimanin digiri 840, alƙibla ke juyawa. Tanderun yana zarcewa har digiri 1,450 don a samu dunƙulen siminti. Wannan ne dalilin da siminti ke cin mai da yawa, kuma babu gyaran inji da zai hana dutsen sakin giram 44 ɗinsa.

Sauyin da ba zai tafi da kansa ba ana iya ɗaura shi a bayan wanda zai tafi. Maƙeran da suka narka tama a da sun haɗa ta da gawayi da zugazugi, ƙunar kabon ta janye oksijin daga ƙarfe. Alminiyam ya fi ƙarfin gawayi, don riƙonsa ga oksijin ya yi tsanani, shi ya sa bai yi araha ba sai da Charles Hall da Paul Héroult suka raba shi da lantarki a 1886. Jikin ɗan Adam ma haka yake yi: mol 1 na gulukos yana ɗauke da kimanin kilojul 2,870 na makamashin da za a iya aiki da shi, jiki kuma yana gutsuttsura shi cikin ƙwayar ATP, mai ba da kusan kilojul 30 kowane mol, don gina tsoka da motsa ta.

Yiwuwa daban, sauri daban

ΔG yana faɗin inda sauyi ya dosa, ba ya faɗin yaushe zai isa. Daiman, bisa lissafi, yana kan hanyar komawa girafait, baƙin abin da ke cikin fensir, da ΔG na kusan kilojul 3 ƙasa da sifili, amma jinkirin ya wuce a lura da shi. Fetur da iska suna zaune tare lafiya har sai tartsatsi ya ba su makamashin farawa. Katalis, wato sinadarin da ke hanzarta sauyi ba tare da ya ƙare ba, yana rage wannan shinge, amma ba ya taɓa ΔG, ba ya kuma matsar da wurin daidaito.

Haɗa amoniya, tushen takin yuriya, shi ne inda ɓangarorin biyu suka yi karo a fili. Mol 1 na naitirojin da mol 3 na haidirojin suna ba da mol 2 na amoniya, suna sakin kilojul 92. Amma mol 4 na iska sun koma 2, entirofi ya faɗi da jul 198 kan kowane Kelvin. A matakin zafin ɗaki ΔG yana kilojul 33 ƙasa da sifili, lissafi ya amince, sai dai haɗin da ke riƙe da ƙwayoyin naitirojin biyu yana da ƙarfin da ba abin da ke faruwa. Idan aka ƙara wuta don a samu sauri, TΔS yana girma, kuma daga kimanin digiri 190 daidaito yana karkata baya. Mafita ta zo daga ƙa'idar da Henri Le Chatelier ya bayyana a 1884: abin da ke cikin daidaito, idan aka matsa masa, yana karkata inda zai rage matsin. Ƙara matsi yana fifita ɓangaren da ke da ƙarancin iska, wato amoniya. Fritz Haber ya nuna hakan a ɗakin gwaji a 1909, Carl Bosch na kamfanin BASF ya kafa masana'antar farko a Oppau ta Jamus a 1913. Ana aiki da katalis na ƙarfe, a digiri 400 zuwa 500, ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya sau 150 zuwa 250. Ko da haka, kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai ke haɗuwa a kowane zagaye. Sai a sanyaya cakuɗen, amoniya ta zama ruwa a ɗebe ta, ragowar naitirojin da haidirojin a mayar da su kan katalis su sake zagayawa.